Sayen Motar Iyali Ta Zuwa Gida: Yadda Ake Auna Farashi Da Nagarta

Duk shekara idan Sallah ta gabato, ko ƙarshen shekara ya zo, hira ɗaya ce a majalisun Agege, Mile 12, Sabo ta Ibadan, Lokpanta da Ama Hausa ta Owerri: nawa ne kuɗin mota zuwa gida bana? Mai mata da 'ya'ya biyar idan ya lissafa kujera bakwai zuwa da dawowa, ga kuɗin kaya, sai ka ji ya ce gara shi ma ya lallaɓa ya sayi tasa. Wasu kuma don gudun tsadar sai su ɗora iyali a bayan tirelar da ta sauke shanu za ta koma Arewa, abin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana hanawa, don idan irin wannan mota ta faɗi ba a cika kwashe mutane da rai ba.

Ni ɗan Kajuru ne. Mahaifina fataucin shanu yake yi daga yankinmu zuwa mayankar Oko-Oba da ke Agege, a wannan hanya na tashi. Mun taɓa sayen mota don arha, mun kuma ji a jikinmu. Wata Sharon ce, fenti sai ƙyalli, dillalin ya ce wata hajiya ce ke kai yara makaranta da ita. Tafiyar farko, mun wuce Kotonkarfe ba mu kai Abaji ba ta ɗau zafi, gaskit ya ƙone. Muka kwana a bakin titi da mata da ƙananan yara. Da aka kwance injin, makanike ya nuna mana cewa an taɓa buɗe shi fiye da sau ɗaya, motar haya ce da ta gaji aka yi mata kwalliya. Baba ya ce da sa ne da ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, amma mota ya saya da ido. Wannan rubutu na tara abin da ya kamata mutum ya sani ne kafin ya miƙa kuɗinsa.

Fara duba hanyarka kafin ka duba mota

Motar da za ta yi maka zirga-zirga tsakanin Agege da Ikeja daban take da wadda za ta kai ka ƙauye. Daga Legas zuwa Kafanchan ta Lokoja da Abuja ya haura kilomita 900. Mai tasowa daga Fatakwal, Aba ko Enugu zai biyo 9th Mile, Obollo Afor, Makurɗi, Lafiya, Akwanga, ya shiga Kafanchan ta Gidan Waya. Mai zuwa Kajuru kuma ko dai ya shiga Kaduna ya fito ta Kujama zuwa Kasuwan Magani, ko ya ɓullo ta Kachia ya biyo Idon da Kufana. Duk inda ka bi, motar za ta yi awa goma sha wani abu tana aiki, da cikakken lodi, cikin zafin rana da ramuka.

Sannan kwalta ba ta kai ƙofar gidan kowa ba. Damina a Kudancin Kaduna tana da tsawo, tun wajen Afrilu har Oktoba ana ruwa, hanyoyin ƙauyuka kuma jar ƙasa ce mai santsi da zaizaya. Motar da cikinta ya yi ƙasa za ta dinga dukan dutse.

Abu na uku shi ne tsaro. Kowa ya san hanyar Kaduna zuwa Kachia ta sha fama da masu garkuwa da mutane. A irin wannan hanya, mota ta mutu maka bayan magariba ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka idan ana maganar nagarta, abin da ake nufi shi ne motar da za ka tashi da asuba ka isa da sauran rana ba ta tsayar da kai a daji ba.

Ka tambayi kanka abu huɗu: mutum nawa zan ɗauka, kaya nawa, sau nawa a shekara zan yi tafiyar, kuma a sauran watannin me motar za ta dinga yi? Wanda sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, kuma motar ba za ta yi masa wani aiki ba, wani lokaci shatar mota ta fi masa sauƙi a kan saye.

Kashi uku na motocin da ke kasuwa

Akwai sabuwa dal. A da wannan ba abin mamaki ba ne, domin tun 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna, wato PAN da ke Kakuri, yake haɗa 504, daga baya 505 da 406, iyayenmu da yawa da su suka yi zamani. Yanzu ma ana haɗa motoci a gida, akwai Innoson a Nnewi, akwai kamfanin Dangote Peugeot a Kaduna da ya fara aiki a 2022. Sai dai farashin sabuwa ya fi ƙarfin yawancin 'yan kasuwarmu.

Akwai tokunbo, wadda a Arewa muke ce wa kwatano ko 'yar Beljiyam. Ita ce wadda aka hau a Amurka, Kanada ko Turai aka kawo, ba a taɓa yi mata lamba a Najeriya ba. Sunan kwatano ya samo asali ne daga tashar jirgin ruwan Kwatano ta Jamhuriyar Benin, inda aka daɗe ana saukewa a shigo da su ta kan iyaka. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka ce sai ta tashoshin ruwa irin su Tin Can da Apapa. Wannan ya sa batun takardar kwastam ya zama abu na farko da ake tambaya.

Akwai kuma ta hannu, wadda wani ya riga ya hau a nan gida. Ita ta fi arha, ita ce kuma ta fi bambanta. Za ka samu wadda ma'aikaci ya riƙe da kyau yana canza baƙin mai a kan lokaci, ta fi wata tokunbo lafiya. Za ka kuma samu wadda ta yi shekara biyar tana jigilar Kano zuwa Abuja aka wanke ta aka fesa mata fenti.

Kada kalmar tokunbo ta ruɗe ka. Da yawan motocin Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Bayan manyan guguwa irin Katrina a 2005, Sandy a 2012 da Harvey a 2017, dubban motoci ruwa ya lalata a can, irinsu kuma ba sa rasa masu saye a ƙasashenmu.

Abin da ya sa farashi ya tashi

Mota da kayan gyaranta da dala ake sayo su, kwastam ma da farashin dala suke lissafa haraji. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a cikin 2024 ta wuce 1,500. Ga kuma tsarin da kwastam suka kawo a 2022 na ƙiyasta haraji da lambar jikin mota, wanda ya rage damar yin ciniki a tasha. Da tokunbo ta yi tsada sai jama'a suka koma kan ta hannu, ita ma ta bi sahu. Don haka idan ka ga mota ta faɗo ƙasa da farashin 'yan uwanta da nisa, akwai dalili. Ko takarda, ko inji, ko giya, ko kuma motar ba ta mai sayarwar ba ce.

Motocin da mutanenmu suka fi saya

Toyota Sienna. Ita ce ta fi farin jini a doguwar tafiya, kujera bakwai ko takwas, ga wurin kaya. Zubin farko daga 1998 zuwa 2003, na biyu 2004 zuwa 2010, na uku 2011 zuwa 2020. Kusan duk waɗanda ke kasuwarmu silinda shida ne, giya otomatik. Abin lura: 'yan 2006 zuwa ƙasa bel ne ke juya taimin ɗinsu, ana so a canza shi wajen mil 90,000, kusan kilomita 145,000 ke nan, idan ya tsinke motar a wurin za ta tsaya. Daga 2007 injin 3.5 ne mai sarƙa, babu wannan ɗawainiya. Kayanta na nan birjik a Ladipo, Nkwo Nnewi, Apo, Panteka ta Kaduna da Kofar Ruwa ta Kano, makanikai kuma sun san ta. Aibinta shan mai, cikinta bai da tsayi sosai, sannan ƙofar gefe mai buɗe kanta tana yawan ba da matsala.

Volkswagen Sharan, wadda muke kira Sharon. An fara ta a 1995, ita da Ford Galaxy ta farko da Seat Alhambra kusan mota ɗaya ce aka canza tambari. Kujera bakwai, ana iya cire na baya ɗaya bayan ɗaya a zuba kaya, da yawa giyar hannu ce. Ta fi Sienna arha, mai silinda huɗun kuma ta fi ta sauƙin mai. Matsalar ita ce yawancin na kasuwa 'yan haya sun riga sun sha romonsu, kuma ba ta yafe wasa da ruwan lagireto ko harkar waya.

Toyota Hiace, musamman wadda ake ce wa Hummer. Ga babban gida mai mutum goma sha wani abu, ko wanda zai saka ta haya a sauran shekara, babu kamarta wajen juriya. Amma saboda 'yan haya na rububinta, ko tsohuwa ce ba ta arha.

Peugeot 406 da 504 doguwa, da Golf 3 doguwa. Ga ƙaramin iyali suna yi. 504 tana da tsayi, ta san hanyar ƙauye, duk wani tsohon makanike daga Kachia har Kafanchan zai gyara ta. Sai dai shekaru sun ja, samun mai lafiyayyen bodi sai an tona.

Toyota Picnic da Opel Zafira ƙanana ne masu layin kujera uku, suna da sauƙin mai, amma idan mutane suka cika babu wurin kaya. Honda Odyssey tana da daɗin zama, sai dai 'yan 1999 zuwa 2004 sun yi suna wajen matsalar giya. Highlander da ire-irenta sun fi tsayi don hanyar damina, amma layin bayansu na yara ne.

Ƙa'ida ɗaya ta haɗa su duka: kada ka sayi motar da idan ta lalace a Zonkwa sai an aiko maka da kaya daga Legas.

Kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

Mai sayen sa don kiwo ba kuɗin san kaɗai yake lissafawa ba, yana sa dusa, harawa, magani da kuɗin mota. Haka ita ma mota.

Mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, a ƙarshen 2024 har ta taɓa wuce 1,000. Ga misali don ka gane lissafin: a ce wata mota tana yin kilomita 8 da lita ɗaya, wata tana yin 11. A tafiyar kilomita 900, ta farko za ta sha lita kusan 112, ta biyu kusan 82. Bambancin lita 30 ne a zuwa, 60 zuwa da dawowa. Idan sau biyu kake zuwa gida a shekara, wannan bai kai ya sa ka bar lafiyayyar mota ka ɗauki gajiyayya ba. Amma idan kullum za ka shiga cunkoson Legas da ita, to bambancin zai taru ya zama kuɗi mai yawa.

Gyaran farko. Duk motar da ka saya, ko da an rantse maka an yi mata sabis jiya, ka canza baƙin mai da filta, ka duba man giya, birki, ruwan lagireto, batir, bel da tayoyi. Shawarata, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da ka tanada kada ya shiga ciniki, ka ajiye shi don wannan da kuma takardu.

Ga wani misali, lambobin na kwatance ne kawai. Mota ta farko an sallama maka miliyan 6, ta biyu miliyan 8. Ta farko giyarta na fizga, tayoyi huɗu sun ƙare, sanyi ba ya aiki, takardar kwastam kuma an ce za a kawo daga baya. Ta biyu komai nata daidai. Idan ka canza giya, ka sayi tayoyi, ka gyara sanyi, ka je ka daidaita da kwastam, za ka iya cinye miliyan biyun nan har ka ɗora, kuma duk da haka motar da aka taɓa kwancewa ce a hannunka. Shi ya sa ake cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Amma tsada ma ba shaidar nagarta ba ce. Da yawan abin da ke ɗaga farashi kwalliya ce: kujerar fata, talabijin a bayan kujera, rufi mai buɗewa, ƙafafun alminiyam, fitila mai ƙyalli. Ba ɗaya a ciki da zai haye da kai hawan Kwoi. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki wadda ba ta da waɗannan amma injinta da giyarta lafiya lau.

Kuɗin sayarwa. Wata rana za ka so rabuwa da ita. Toyota tana riƙe darajarta, ko yau ka kai ta bakin titi za a taya. Motar da ba a saba da ita ba, ranar sayarwa za ka gane arhar da ka samu bashi ce.

Yadda ake duba mota

Ka je da makanikenka, wanda kai za ka biya, kada ka dogara da wanda dillali ya kawo. Idan da hali ka haɗa da rewaya mai na'urar duba kwamfutar mota. Motocin Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin da ake jona wannan na'ura a ƙarƙashin sitiyari. Ka je da rana, kada ka duba mota da dare ko ana ruwa.

Inji. Ka ce kada a tayar kafin ka zo, ka taɓa ka ji da sanyinsa. Gajiyayyen inji a tashin farko yake tona kansa. Ka tsaya bayan salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga inji, baƙi kuma mai ne ke zuba fiye da kima. Ka buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga abu kamar madara a jiki, gaskit ya tafi. Ka bar ta a kunne da sanyi na minti ashirin ka ga ko allurar zafi za ta motsa.

Fitilun gaban direba. Da ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, dukkansu su kama, har da ta inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila cire ƙwan aka yi don a ɓoye matsala.

Giya. Ka hau ta aƙalla rabin awa, ka samu hawa, ka samu inda za ka taka ta. Otomatik ta dinga canzawa ba fizga ba jinkiri, a gaba da baya. Man giya ya zama ja-ja, idan ya yi baƙi yana warin ƙuna ka haƙura da motar.

Bodi da shasi. Ka bi jikinta da maganaɗisu nannaɗe a ƙyalle, inda bai kama ba an cika wurin da fila. Ka duba ko tazarar ƙofofi da bonet daidai take a ɓangarorin biyu. A ɗaga ta a leƙa ƙasa: walda a shasi alamar babban haɗari ce. Motocin Kanada da arewacin Amurka kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye ƙasansu da tsatsa. A nan ne kuma za ka ga ko an sace abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, don cire shi na ƙara shan mai a wasu motocin, sabo kuma tsada gare shi.

Alamar ambaliya. Ka ɗaga kafet, ka leƙa wurin safayar taya, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe. Laka, tabon ruwa, tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera ko warin rima, duk shaida ne. Motar ruwa za ta iya yin wata shida lafiya, daga nan wayoyinta su fara haukacewa ɗaya bayan ɗaya.

Mita. Ana mayar da ita baya, don haka kada ka yarda da lambar kawai. Ka kalli yadda sitiyari, fedar birki da kujerar direba suka goge. Ka kuma tuna motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wadda ta nuna 150,000 ta yi kilomita 240,000 ke nan.

Lambar jiki. Ana kiranta VIN, harafi da lamba 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofa. A motar Amurka, na goma a jerin shi ke faɗin shekara: 4 ita ce 2004, 9 ita ce 2009, A 2010, B 2011. Wannan ne haƙorin mota. Ana canza fitilu da bamba a mayar da 'yar 2005 ta yi kama da 'yar 2010, amma lambar ba ta canzawa. Da ita kuma ake bincika tarihin motar a intanet ta irin su Carfax, a ga ko ta yi haɗari.

Sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Akwai waɗanda aka kawo daga Ingila ko Japan aka juya musu sitiyari a gareji. Irin wannan, komai arharta, ba ta iyali ba ce.

Takardu

Takardar kwastam ita ce gaba. Kada ka tsaya a kan kwafin da aka nuna maka, ka ɗauki lambobinta a tantance a ofishin kwastam, suna da manyan ofisoshin shiyya a Legas, Kaduna, Fatakwal da Bauchi. Jami'ansu na sintiri suna kan hanyoyin da muke bi, kuma motar da ba a biya mata haraji ba, ko aka biya ƙasa da ƙa'ida, za a iya sauke ka da iyalinka a riƙe ta, ko da ka yi shekaru kana hawa.

Idan ta hannu ce, sunan da ke kan takardar mallaka ya zo daidai da na mai sayarwa, ko a ga takardar cinikin da ta haɗa su. Lambar inji da ta shasi su dace da abin da ke rubuce. A rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu, a haɗa da hoton katin shaidar mai sayarwa, a biya ta banki don ya zama akwai shaida. Sannan ka yi canjin mallaka da wuri. Wanda aka kama da motar sata, sai ya sha wahala kafin a saurari bayaninsa.

Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Ta bogi ta yi yawa a bakin ofisoshin lasin, ka tabbatar taka ta fito a rumbun NIID. Ka haɗa da lasin mota, takardar lafiyar mota ta VIO da lasin tuƙi mai rai.

Taya da lodi

Nan ne mutane ke yin tsimin da ke kashewa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. FRSC na cewa taya ta wuce shekara huɗu a canza ta, ko da zanenta bai goge ba. Tayar kwatano mai kyan gani tana iya zama ta shekara takwas, kuma a zafin titin Lokoja da cikakken lodi irinta ce ke fashewa. Gara ka sayi mota mai ƙaramin daraja ka sa mata sababbin tayoyi huɗu da safaya mai kyau.

A jikin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi iskar da taya ke buƙata, a motocin Amurka har da nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka. Ka karanta. Mutum bakwai, a ce kowa kilo 60, kilo 420 ke nan. A dawowa ka ɗora buhun masara biyu masu kilo 100, ga citta daga Kachia, ga doya, ga jarkar manja da aka kai tsaraba ta dawo cike da wani abin. Kafin ka ankara ka wuce abin da aka yi motar dominsa, birki ya daina kamawa da wuri, shokozoba ta mutu. Kayan nauyi a ba motar kaya, kariyar sama kuma a bar ta ga marar nauyi, don lodi a sama na sa mota rinjaya a kwana.

Wajen ciniki

Kasuwar mota da kara duk ɗaya ne. Ka zaga wuri uku ko huɗu kafin ka taya, a Legas akwai Berger da sauran wuraren da ke bakin manyan tituna, ka kuma tambayi farashin Kaduna da Abuja ta waya. Ka san la'adar dillali tun farko, da wanda zai biya ta, don wani lokaci dillalai uku ne a tsakaninka da mai mota kowa ya ɗora nasa. Duk aibin da makanike ya gano a rubuta, a sa masa kuɗi, da shi za ka nemi ragi. Idan aka ce albarka, ka yi sallama ka tafi, mota ba ta ƙarewa a kasuwa. Kada ka ba da kafin alƙalami a kan motar da ba ka gani ba, musamman ta Facebook ko wadda aka ce gwanjon kwastam ce za a turo maka.

Lokaci ma na da tasiri. Ana saura mako biyu Sallah ko Kirsimeti kowa na neman mota, farashi na sama, kai kuma kana sauri. Ka saya da wata biyu ko uku a gaba, ka yi ta hawa a gari, ka yi gajeriyar tafiya kamar Legas zuwa Ibadan da lodi, duk abin da zai fito ya fito kusa da makanikenka.

A taƙaice, za ka iya rage kuɗi a kan shekara, launi, kujerar fata da kwalliya. Inji, giya, shasi, birki, taya da takardar kwastam kuwa ba a neman arha a kansu. Idan kuɗinka bai kai lafiyayyar Sienna ba, ɗauki lafiyayyar ƙaramar mota, ko ka ƙara haƙurin shekara ɗaya kana shata. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya dawo da shi lafiya.